Laftof ta ƙi tashi bayan an ɗora mata Windows 11, mai shago ya ce sai fomatin

Ɗalibar Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah taimako nake nema cikin gaggawa. Laftof ɗina HP ce, EliteBook 840 G3, ta hannu na saya, kuma da Windows 10 take aiki lafiya lau. Da na ji ana ta cewa an daina kula da Windows 10, sai na kai ta wani shago a cikin gari aka ɗora mata 11 a kan tsohuwar, ba a goge komai ba. Na dawo gida ta tashi, na ga fayilolina, har na yi ɗan rubutu bayan Isha'i. Yau da safe ina kunnawa sai baƙin allo da rubutu wai "Boot Device Not Found", daga ƙasa kuma "Hard Disk (3F0)". Na koma wurin mai shagon, ko buɗe ta bai yi ba ya ce windo ce ta lalace, sai an yi fomatin. Furojek ɗina na shekarar ƙarshe yana ciki, babi na ɗaya zuwa na huɗu, da duk bayanan da na tattaro daga takardun tambayoyi. Babi na ɗaya kaɗai ke cikin imel ɗina. Na ce masa ya dakata, na ɗauko abata na taho gida. Yaya zan yi?

Ɗan Pantami: Wa alaikumus salam. Anti ki bari kawai a yi fomatin ɗin, minti talatin an gama. Daga baya akwai manhajojin da ake dawo da fayil da su, ni ma ina da guda a filash.

Mai Gyara na Jekadafari: A'a, a'a. Ƙanwata, kada ki bari kowa ya taɓa ta da filash ɗin windo tukuna. Kin kyauta da kika ɗauko ta. Ɗan Pantami, wannan shawarar ita ce ke raba mutane da aikinsu. Manhajar dawo da fayil tana iya tsinto abin da ba a rubuta wani abu a kansa ba ne kawai. Idan ka yi fomatin ka zuba sabuwar windo, ka riga ka rubuta dubban fayiloli a kan wurin. In kuwa SSD ne a ciki, wato sabuwar irin ma'ajiya marar juyawa, abin ya fi muni, domin shi da kansa yake share gurbin da aka ce masa ba a buƙata, ba ya jiran kowa.

Ƙanwata, rubutun nan da kika gani bai ce fayilolinki sun ɓace ba. Cewa ya yi kwamfutar ta duba ba ta ga inda za ta tashi daga gare shi ba. Abu biyu ke kawo haka galibi: ko ma'ajiyar ce ba ta gani gaba ɗaya, ko tana ganinta amma ba ta hanyar da aka saita ta ba. Mu fara raba su. Kashe ta. Ki kunna, ki riƙa danna Esc da sauri har wani ɗan jeri ya fito, sai ki danna F2. Za ki shiga wurin gwaji na HP. Nemi gwajin had-dis, ki zaɓi gajeren. Faɗa mana abin da ya ce.

Ɗan Pantami: Oga ni dai na sha yi wa mutane haka kuma ana samun wasu fayilolin.

Mai Gyara na Jekadafari: "Wasu" ka ce. Ita babi huɗu take nema cif, da sunayensu, su buɗu a Word ba tare da rubutu ya hargitse ba. Alhali yanzu haka mai yiwuwa suna nan ƙalau, babu abin da ya same su.

Malamin Kumo: Ina goyon bayan Mai Gyara. Kafin ta dawo da sakamako, ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka yi 11 ta hau wannan na'urar tun farko. 840 G3 firosesa ƙarni na shida gare ta. Mai son gane nasa, ya duba lambar da ke bayan i5 ko i7: idan ya ga 6300U, shidan farko shi ne ƙarnin. Jerin da Microsoft ta amince da shi na Intel daga ƙarni na takwas ya fara, ban da ƴan kaɗan ƙwarai na ƙarni na bakwai, a AMD kuma daga Ryzen 2000. Sannan ana son TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro a cikin kwamfutar, da UEFI, sabuwar hanyar tashin kwamfuta, mai iya Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhajar da kwamfuta za ta tashi da ita, da RAM aƙalla giga 4 da ma'ajiya giga 64. Ke nan ba ta ƙofa aka shigar da ita ba, tsallake binciken aka yi. Ƴata, mai shagon ya gaya miki haka?

Ɗalibar Tudun Wada: Bai gaya min ba Malam. Cewa kawai ya yi za ta ɗauka. Yaya Mai Gyara, na yi gwajin. Ya nuna sunan ma'ajiyar, kuma duka biyun sun ce "PASSED".

Mai Gyara na Jekadafari: Alhamdu lillahi. Rabin tsoron ya tafi. Ma'ajiyarki na da rai, kwamfutar na ganinta. Saura mu gano me ya canza tsakanin daren jiya da safiyar yau. Ki yi tunani da kyau: bayan kin rufe ta, akwai wanda ya taɓa ta? Ta faɗi? Batir ya mutu gaba ɗaya? Kuma idan kin shiga BIOS, wato wurin saitin kwamfutar na asali, da Esc sannan F10, duba min kwanan wata da agogon da ke ciki, daidai suke ko sun koma wata tsohuwar shekara?

Hajiya Mai Shagon Buga Takardu: Sallama jama'a, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga masana sun hallara. Ni ma laftof ɗin da muke buga wa mutane takardu da ita a shago nan Bolari, tana cikin sabuntawa aka ɗauke wuta. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da caja take aiki, nan take ta mutu. Da yarona ya tayar da janareto, sai ɗige-ɗigen nan suke ta zagayawa, ta rubuta "Undoing changes made to your computer", ta mutu ta sake tashi, haka dai. Ga masu fom ɗin makaranta sun cika min benci.

Shugaban Zaure: Hajiya barka da zuwa. Za a duba taki in sha Allahu. Amma don kada amsoshi su cakuɗe, duk mai ba da amsa ya ambaci wadda yake yi wa magana.

Mai Gyara na Jekadafari: Hajiya, taki daban ce, kuma rubutun da kike gani ba mugun abu ba ne: windo ce ke ƙoƙarin warware aikin da aka katse mata ta koma yadda take. Abu na farko, a cire duk abin da ke jikinta: firinta, sikana, filash, har linzamin waje. Caja kaɗai za a bari. Na biyu, a duba ɗan fitilar had-dis a gefe ko gaba, in tana da ita. Muddin tana ƙyaftawa, aiki ake yi, a ƙyale ta. A tsohon had-dis mai juyawa wannan warwarewar kan ɗauki sa'o'i, mutane kuma su ƙosa su danne madannin kashewa, su ƙara ɓata abin da ake gyarawa. A bar janareton a kunne, a tabbatar akwai mai a ciki.

Hajiya Mai Shagon Buga Takardu: Firintoci biyu ne a jikinta da filash ɗin wani kwastoma. An cire yanzu. Fitilar tana ƙyaftawa.

Ɗalibar Tudun Wada: Yaya, kwanan wata daidai yake. Amma na tambayi mutanen gida. Ƙanena ya ce da na kwanta ya ɗauka, wai ya ga wani bidiyo an ce Windows 11 ba ta da tsaro sai an kunna Secure Boot, shi ne ya shiga BIOS ya kunna min. Ya ce har wasu lambobi huɗu ta nuna masa ya rubuta. Daga nan ta ƙi tashi, ya ji tsoro ya rufe ya ajiye.

Mai Gyara na Jekadafari: To ga zancen ya fito. Kada ki yi masa faɗa da yawa, niyyarsa mai kyau ce, kuma bai goge komai ba.

Bari in yi bayani yadda kowa zai amfana, don wannan matsalar kusan kullum sai an kawo min irinta. Hanyoyi biyu ne kwamfuta ke tashi da su. Akwai tsohuwar hanya, ita ake rubutawa Legacy, wani wurin CSM. Akwai sabuwa, UEFI. Ita ma ma'ajiya tsarin rabonta iri biyu ne: tsohon shi ne MBR, sabon GPT. Windo da aka zuba a kan MBR ta tsohuwar hanya take tashi. UEFI kuwa wani ɗan ƙaramin yanki na musamman take nema a ma'ajiyar, inda fayilolin tashi suke, a MBR ɗinki kuma babu shi. Laftof da yawa na hannu da ke kasuwanninmu haka aka zuba musu windo, a Legacy, saboda filash ɗin mai shago da haka aka haɗa shi tun shekaru. Shi kuma Secure Boot ba ya zama tare da Legacy. Kana kunna shi, Legacy ta mutu. Ɗakinki yana nan da kayansa a ciki, makullin ƙofar ne aka canza.

Ga abin da za ki yi. Esc, F10. Je ki shafin Advanced, ki nemi "Secure Boot Configuration". Za ki ga zaɓin da ke cewa Legacy Support a kashe, Secure Boot a kunne. Mayar da shi kan wanda ya ce "Legacy Support Enable and Secure Boot Disable". Ki adana ki fita. In ta nuna miki lambobi ta ce ki rubuta, ki rubuta su da lambobin saman madannai ki danna Enter. Kada ki taɓa wani abu daban, musamman duk inda kika ga an ambaci share TPM ko mayar da komai yadda ya fito daga kamfani.

Baban Yara na Tumfure: Malam Mai Gyara, Allah ya saka maka. Ina karantawa ina ƙaruwa. Ni tawa Dell ce, sabuwa-sabuwa, 11 ɗin ta hau da kanta ba tare da dabara ba. Bayan wata sabuntawa ta sake tashi, sai shuɗin allo ya fito yana neman wai "BitLocker recovery key". Ni ban taɓa sa wani abu mai wannan suna ba. Na sa kalmar sirrina ta ƙi, lambobi kawai take karɓa. Takardun fanshona da hotunan auren ƴata duk suna ciki. In na bi abin da ka gaya wa ɗalibar nan zai yi?

Mai Gyara na Jekadafari: Ranka ya daɗe, kada ka bi. Maganinta ba naka ba ne, taɓa Secure Boot a wurinka ma ƙara dagula lamarin zai yi.

Malamin Kumo: Alhaji, bari in karɓi wannan. BitLocker kulle ma'ajiya yake yi ta yadda ko an sace laftof an ciro had-dis ɗin, ba za a iya karanta komai ba. Ba lallai ne kai ka kunna ba. A na'urori da yawa na zamani, da zarar an shiga da asusun Microsoft a ranar da aka fara saita su, kullewar kan kama aiki da kanta, kuma daga Windows 11 ta 24H2 an faɗaɗa na'urorin da hakan ke faruwa a kansu. Mabuɗin yana zaune a cikin TPM, wani ɗan guntu a cikin kwamfutar, shi ke buɗe maka kullum ba ka sani ba. Idan ya ga an canza wani abu a hanyar tashi, misali an sabunta BIOS ko an taɓa saitinta, sai ya riƙe mabuɗin ya ce a kawo na ajiya.

Na ajiyar lambobi 48 ne, rukuni takwas, kowane rukuni lamba shida. Yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shiga laftof ɗin. Ka ɗauki waya ka buɗe aka.ms/myrecoverykey ka shiga da imel ɗin. A shuɗin allon kuma akwai wata shaidar mabuɗi, ka dubi haruffa takwas na farkonta ka gwada da wanda ka gani a asusun, don wani yakan tarar da mabuɗi fiye da ɗaya. Tambayar ita ce: wa ya saita maka ita ranar da ka saya?

Baban Yara na Tumfure: Babban ɗana ne, yana bautar ƙasa a kudu yanzu. Ban san ko da imel ɗinsa ya yi ko da nawa ba.

Malamin Kumo: Kira shi, ya duba nasa, kai ma ka duba naka. In kuma laftof ɗin ta ofis ce ko an taɓa shiga da imel ɗin aiki, to mabuɗin yana iya kasancewa wurin masu kula da kwamfutocin ofishin. Zan faɗa maka gaskiya don kada wani ya karɓi kuɗinka a banza: in ba a samu lambobin nan ba, babu mai gyaran da zai fasa, kamfanin da ya yi manhajar ma ba ya iya ƙirƙiro maka wani. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu shagon da ke saita wa kwastoma sabuwar laftof da imel ɗin yaron shago don sauri. Shekara guda bayan nan yaron ya bar aiki, mabuɗin mutum ya tafi da shi.

Ɗalibar Tudun Wada: Ta tashi! Wallahi ta tashi! Ga furojek ɗina nan, duka babin suna buɗewa. Yaya Mai Gyara, Malam, Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya jiƙan mahaifa.

Mai Gyara na Jekadafari: Amin, ƙanwata. Kafin ki yi komai, yanzu-yanzu, kwafe fayil ɗin furojek ɗin a filash, ki kuma tura wa kanki ta imel ko ki ɗora a Google Drive. Rubutun Word bai da nauyi, ba zai ci miki data ba. Idan kin gama ki dawo, akwai shawarar da za ki yanke kuma tana da wa'adi.

Ɗan Kashere: Barka Anti. Ina so in ƙara wani abu saboda wanda tasa ba za ta zo da sauƙi haka ba. Ko windo ta ƙi tashi ƙememe, ana iya kwashe fayiloli ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. A sami filash mai giga 8, a zuba masa Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda madadin windo ne, a wata kwamfutar, a tashi daga filash ɗin: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. A zaɓi gwadawa, ba zubawa ba. Za a ga ma'ajiyar windo kamar kowane filash, a kwafe abin da ake so. Wani lokaci za ta buɗu ne a matsayin karatu kawai saboda windo ba ta rufe sosai ba, amma kwafa ai karatu ne, ya wadatar. Inda wannan ba ya aiki shi ne irin na Baba na Tumfure, sai da lambobin nan 48.

Mai Gyara na Jekadafari: Haka ne. Akwai ma wata dabara ga wanda ba shi da Linux. In ka samu shiga allon gyara na windo, buɗe Command Prompt ka rubuta notepad. In ya buɗe, ka je kamar za ka buɗe fayil, ka canza nau'in zuwa duka fayiloli. Ga manyan fayilolinka nan, ka kwafa ka liƙa a filash. Ba ya nuna maka ci gaban kwafar, sai ka yi haƙuri ka jira. Ka lura kuma, a wannan allon harafin ma'ajiyarka kan canza, C ta koma D ko E, kada ka firgita.

Hajiya Mai Shagon Buga Takardu: Mai Gyara, tawa har yanzu. Fitilar ta daina ƙyaftawa tun kafin La'asar, ɗige-ɗigen kawai ke juyawa.

Mai Gyara na Jekadafari: To yanzu kam ta tsaya, Hajiya. A danne madannin kunnawa har ta mutu. A kunna, da zarar tambarin ya fito ɗige-ɗige sun fara, a sake danne shi ta mutu. A yi haka sau biyu ko uku, za ta rubuta "Preparing Automatic Repair" ta kai ku shuɗin allo mai zaɓuɓɓuka. A shiga Advanced options, a je Troubleshoot, a sake shiga Advanced options. A fara gwada Startup Repair. In bai yi ba, a dawo a shiga Uninstall Updates. Zaɓi biyu ne: ƙaramar sabuntawa ta wata-wata, da babba wadda ke canza sigar windo. Tunda ba mu san wadda ake yi ba aka ɗauke wuta, a fara da ƙaramar. Duka biyun ba sa taɓa takardunku. Wanda nake so yaronki ya guje wa shi ne "Reset this PC", domin ko an zaɓi a bar fayiloli, manhajojinku da direbobin firinta duk za su tafi, ga kwastomomi na jira.

Kuma Hajiya, da girmamawa, laftof marar batir ba ta dace da sabuntawa a wutarmu ba. Ko a saya mata batir, ko a riƙa yi a kan inbata ko sola. In da hali a sauya mata had-dis zuwa SSD, aikin da ke cin rabin yini zai koma na mintuna.

Ɗalibar Tudun Wada: Na kwafe a filash, na kuma tura imel. Wace shawara ce, Yaya?

Mai Gyara na Jekadafari: Tunda a kan tsohuwar aka ɗora, windonki ta da tana ajiye a wani babban fayil mai suna Windows.old. Kwana 10 ake bayarwa. A cikinsu za ki iya zuwa Settings, System, Recovery, ki danna "Go back" ki koma Windows 10 yadda kika bar ta. Bayan wa'adin windo na share shi da kanta. Kada kuma ki yarda wani ya ce zai share miki shara don samun wuri a kwanakin nan, da shi za a haɗa. Ni shawarata, ki koma 10 har ki kare furojek ɗinki.

Ɗan Pantami: Haba Oga, ta koma baya kuma? Ai Windows 10 ta mutu tun 14 ga Oktoba 2025. Ni a ƙarni na shida nake amfani da 11 kuma ba abin da ya same ni.

Malamin Kumo: Ba mutuwa ta yi ba, tana tashi tana aiki. Facin tsaro na kyauta ga kowa ne aka tsayar a ranar. Kuma an buɗe wani shiri na ƙarin faci ga masu amfanin gida, ESU, wanda a lokacin aka ce zai kai 13 ga Oktoba 2026. Sharaɗi shi ne kana kan siga 22H2 kuma kana da asusun Microsoft. Da aka buɗe shi a 2025, ana shiga da dala 30, ko da makin Microsoft Rewards 1,000, ko kyauta idan ka yarda a riƙa ajiye saitinka a asusun. Amma Mai Gyara, a nan na ɗan saɓa maka. Shirin nan ɗan lokaci ne, ba mazauni ba. Tunda 11 ɗin ta riga ta hau kuma tana aiki, komawa baya ma wani babban aiki ne da zai iya katsewa in wuta ta yi halinta. Ni da ta bar ta yadda take, kada a ƙara taɓa komai sai ta gama makaranta.

Mai Gyara na Jekadafari: Malam, na ji hujjarka, kuma batun wuta gaskiya ne. Abin da nake dubawa shi ne, kamfanin ya faɗa ƙarara cewa na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, ba a yi mata alkawarin sabuntawa ba. A aikace na wata-wata suna zuwa, amma babbar siga ta shekara ba ta zuwa da kanta, sai an sake yin dabara, kowace siga kuma wata 24 ne wa'adinta a Home da Pro. Kuma mun ga abin da ya faru da 24H2: firosesoshi tsofaffi sosai irin Core 2 Duo ba sa ma tashi da ita, ko an tsallake binciken, saboda akwai umarnin da ba su da shi. Tata ba ta cikin waɗannan. Amma wanda ya ɗora wa mutum 11 ta bayan gida, haƙƙi ne a kansa ya gaya masa haka, ya kuma kwafe masa fayiloli kafin ya fara. Wannan shi ne abin da ke ɓata wa sana'armu suna: a karɓi kuɗin zubawa, in ta lalace a sake karɓar kuɗin fomatin.

Ɗan Kashere: Ko kuma ta huta da duka biyun ta sa Linux Mint. A irin wannan laftof gudu take yi, kuma kyauta ce.

Malamin Kumo: Ɗana, ba a tsakiyar furojek ba. Malaminta da Word yake gyara mata, in tsarin shafi da tebur suka motsa a LibreOffice, madadin Word a Linux, ita za ta sha wahala. In kuma tana amfani da manhajar lissafin bayanai da aka koya musu a windo, wani sabon karatu ne. Bayan ta gama, wannan zance ne mai kyau, ni kaina tsofaffin kwamfutocin da ke hannuna shi nake sa musu.

Ɗalibar Tudun Wada: To Secure Boot ɗin fa? Haka zan bar shi a kashe har abada?

Mai Gyara na Jekadafari: A yanzu, e. Akwai wata manhaja a cikin windo, mbr2gpt, da ke mayar da ma'ajiya daga MBR zuwa GPT ba tare da goge fayil ba. Ana fara sa ta ta bincika ko ma'ajiyar ta cancanta, don ba ta karɓar wadda aka raba fiye da manyan yanki uku. In ta gama, sai a shiga BIOS a koma UEFI, daga nan Secure Boot zai kunnu lafiya. Amma tafiya ce da ba a dawowa, ba a yin ta sai da cikakken kwafi a gefe da batir a cike. Ba aikin makon kare furojek ba ne.

Ɗalibar Tudun Wada: Na gane. Batirina yana riƙe wuta sosai, amma zan bi ta Malam in bar ta haka tunda tana aiki, in na ga wata matsala kafin kwana goman su cika sai in koma.

Mai Gyara na Jekadafari: Ba laifi. Ki gwada sauti, da Wi-Fi, da kyamara, da firinta in kina da ita, duk a yau, don ki san matsayinki tun wa'adin bai ƙure ba.

Hajiya Mai Shagon Buga Takardu: Startup Repair bai yi ba, amma cire ƙaramar sabuntawar ya yi. Ta shiga, sai dai nauyi kamar me. Mun fara sallamar mutane. Mai Gyara, SSD ɗin wane iri zan ce a ba ni?

Mai Gyara na Jekadafari: Madalla. Nauyin zai ragu in ta gama ƴan aikace-aikacenta. Ki dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci a Settings har a samu batir. Batun SSD, kada a saya da ka. In had-dis mai juyawa ne a ciki, SSD na SATA mai inci 2.5 zai zauna a gurbinsa daidai. Turo min lambar samfurin da ke ƙarƙashin laftof ɗin in tabbatar.

Baban Yara na Tumfure: Jama'a, na samu yaron. A asusunsa yake, har guda biyu ya gani. Ya turo min duka, na gwada haruffan farkon kamar yadda Malam ya ce, na biyun ne ya dace. Ina rubutawa yanzu, idona ba ya gani sosai, jikata ce ke karanto min shida-shida.

Malamin Kumo: A hankali, Alhaji. In rukuni ɗaya ya kuskure za ta nuna maka, sai ka gyara shi kaɗai. Idan ta buɗe, ka rubuta lambobin a takarda ka ajiye tare da takardun gida, ba a cikin jakar laftof ɗin ba. Sannan ka kashe ta ka sake kunnawa mu gani ko za ta sake tambaya. In ta sake, akwai wurin da za a dakatar da kariyar a sake kunna ta don TPM ya karɓi sabon yanayin, zan nuna maka.

Baban Yara na Tumfure: Ta buɗe. Na kashe na kunna, ba ta tambaya ba. Bari in je masallaci, in na dawo Malam ka nuna min yadda zan mayar da mabuɗin cikin asusuna ni ma.